Shafin da Madam Dibora Ta Kai Droum

Madam Dibora ƴar Yohanna ta yi aikin dakitilo, wato buga takardu a keken rubutu, a Damagaram tun tana budurwa har idonta ya gaji. Ni Suma'ila ni ne nake juya mata roneyo, injin nan mai hannu da ke buga takardu da tawada. Teburinta yana bakin taga, injina yana lungu inda iska ba ta kaiwa. Don haka in na ce na san ta, ba a bakin wani na ji ba.

Ubanta ma'aikacin asibiti ne, Kirista, cikin gidajen nan masu tafiya majami'a ran Lahadi da littafi a hammata. A gidansu yaro yakan iya karanta Hausa tun bai shiga lakwal, makarantar boko, ba. Wata baturiya ce ta koya mata keken rubutu, ta kuwa riƙe shi da kyau. Ba ta da surutu. Ta zo da safe, ta gaida kowa, ta cire ƙyallen da ke rufe keken, ta ninke shi, shi ke nan sai ƙarar bugu. Mijinta Filibus tela ne a Zango, mutum mai dariya, kishiyar halinta. Nakan tsokane ta in ce gidansu kekuna biyu, amma kullum a ƙasa suke zuwa aiki. Sai ta ce, "Malam Suma'ila, tawada ta taɓa maka hanci," ko da ba ta taɓa ba.

Inda muke aiki wani furoje ne, wato shirin raya noma, ya daɗe da rufewa, ba sai na kama suna ba. Aikinmu takardun koya wa manoma, waɗanda a biro, wato ofishinmu, ake ce wa fish: yadda ake shuka wake, yadda ake feshin magani, yadda ake haƙa rijiyar lambu. Injiniyoyi su rubuto da Faransanci, a mayar Hausa, Madam ta buga a kan istansil, wata takarda mai laushi da haruffa ke hudawa, ni kuma in ɗaura a inji in yi ta juyi har kafaɗa ta sage. Istansil ba ta yafiya. In aka yi kuskure sai a shafa wani jan ruwa mai wari, a hura, a jira ya bushe, a sake bugawa, kuma duk da haka wurin sai ya nuna.

Kafin ta zo, kowane injiniya yadda ya ga dama yake jera maganarsa. Ita ce ta yi wa takardun tsari ɗaya: suna a sama, sai kayan aiki, sai yadda ake yi, sai abin kiyayewa a ƙarshe. In injiniya ya kawo rubutu babu kayan aiki, sai ta mayar masa a teburinsa ta koma ta zauna. Har masu digiri suka saba.

Sannan ta lura da wani abu. Kashin kiyayewa maimaici ne. Duk aikin da ya shafi rami, rijiya ce, ramin taki ne, masai ne, gargaɗin ɗaya ne. Duk abin da ya shafi maganin ƙwari ma haka. To don me za a yi ta buga magana ɗaya sau goma, a yi kuskure sau goma? Sai ta buga gargaɗin rami shi kaɗai a istansil ɗinsa, na magani shi kaɗai, ta sa aka kafa mata ƙusoshi a bango ta rataye su. A ƙasan kowace fish, can kusurwa, takan sa ƙaramin harafi domina: in na ga R, in maƙala shafin rami a baya, in na ga M, shafin magani. In an canja wata magana, wuri ɗaya take gyarawa, ya gyaru a ko'ina. Kowa ya yaba, har daga Yamai aka zo aka duba. Ɗanta Luka, wanda yanzu yake aikin irin waɗannan takardu a na'ura, ya taɓa nuna mini yadda suke yi: a ajiye magana wuri ɗaya, a kira ta duk inda ake so. Na ce masa wannan ai ƙusoshin uwarka ne, sai dai naku ba ya tsatsa.

Abin da ba wanda ya kula shi ne, mai karanta fish ɗin ba shi da hanyar sanin akwai wani shafi. Takardar tana ƙarewa daidai, kamar cikakkiya. Harafin kusurwa ni kaɗai ya shafa.

Sai farin tamanin da huɗu ya zo. Wanda ya gani ya sani, wanda bai gani ba kuwa faɗa ba ta isar masa. Hatsi ya fito ya tsaya a gwiwa ya bushe. Mutane suka cika gari daga arewa, suna zaune gindin duwatsu da tabarmi, ba sa ma roƙo sosai. Ruwa a Damagaram da ma wuya gare shi, ya ƙara. Mu a biro muka daina hira. Ba baƙin ciki ba ne, wani irin mutuwar jiki ne; ka ji an ce wane ya rasa shanunsa duka, ka ce Allah ya mayar da alheri, ka ci gaba da abin da kake yi.

Gwamnati ta ce a koma noman rani, a raba fadamu, kowa ya yi lambu. Fish ɗin rijiyar lambu ta zama ita ake nema ko'ina. Ga shi an rufe iyaka, takarda daga Kano take zuwa mana, ta yanke. Shef ɗinmu, shugaban biro, Mushe Adamu, ya shigo ya dubi abin da ya rage a kabad, ya ce a buga shafin gaba kawai.

Madam ta tsayar da bugu. Ta ce, "Mushe, shafin ramin fa?"

Ya ce, "An raba shi bara da bara waccan. Kuma manomi ya san ƙasarsa, Madam. In muka sa shafi biyu, rabin ƙauyuka ba za su samu komai ba."

Ba mugun mutum ba ne, kuma maganarsa ba ƙarya ba ce. Manomi ya san ƙasarsa. Sai dai waɗanda aka raba wa fadama a shekarar ba manoma kaɗai ba ne. Akwai makiyayan da dabbobinsu suka ƙare, akwai ƴan birni da sana'a ta mutu a hannunsu. Cikinsu har da Filibus, don wa zai ɗinka riga ciki ba komai? Ya rufe kekensa, aka ba shi fili a Droum, ya tafi da fartanyar aro. An ce masa akwai rijiya ɗaya ta kowa da kowa a fadamar, shi dashe da ban ruwa kawai zai yi. Da haka Madam ta kwantar da ranta.

Wata safiya direbanmu Bukar ya dawo daga kai iri. Yana karkaɗe hula ya ce, "Madam, maigida na gaishe ki. Kai, telan nan ya zama gwanin rijiya. Ta jama'a ta ƙafe, kowa na haƙa tasa. Shi da takardarku a aljihu, ya karanta ya haƙa, ya karanta ya haƙa. Har ramin ya shige kansa."

Ta ce, "Ya sa zobe?"

"Wane zobe?"

"A jikin ramin. Na siminti, ko tano, gangar ƙarfen nan."

Bukar ya ce shi dai rami ya gani, fari tas, rairayi mai laushi, haƙa ba wuya.

Ban ga ta firgita ba. Ta tashi, ta je bango, ta sauko da istansil ɗin rami daga ƙusa, ta miƙo mini. Ta ce, "Malam Suma'ila, buga mini ko guda." Na san Filibus, na san irin gidan da ya fito. Mutanen nan an raine su a kan cewa abin da aka buga a takarda an duba shi, an tabbatar. In wani tsoho ya leƙa ramin ya ce masa hattara, zai yi godiya da dariya, ya taɓa aljihu. Takardar kuma matarsa ce ta buga ta, ya san hannunta.

Babu farar takarda, sai muka kwaso tsofaffin fish na shukar gyaɗa, muka buga a bayansu. Da Mushe Adamu ya ji labari bai yi musu ba, ya ce a buga da yawa a kai duk fadamun. Na juya har tawada ta fara dusashewa. Amma mota ba esansi, ba mai ko ɗigo, an ce sai an sa hannu a wani biro, mai sa hannun kuma ya tafi rabon hatsi. Ta je tasha, motar Droum sai ranar kasuwa. Ta nemi mai zuwa a raƙumi ko a amalanke, ba ta dace ba. Ranar nan na zagi furoje, na zagi esansi, na zagi mai sa hannu har Mushe ya ce in fita waje. Ita kuwa ta zauna ta ci gaba da buga fish ɗin albasa, shafi guda a ninke cikin ɗaurin zanenta. Kuskure ko ɗaya ba ta yi ba, na duba.

Da aka samu mai muka tafi, ni da ita da Bukar, ƙunshin takardu a kan cinyata. Hanya duk gawar dabbobi, mun daina ko juya kai. Bukar kuwa da ramukan hanya yake ta faɗa.

Rana ta ɗaga muka isa fadamar. Kore ne kaɗan-kaɗan a tsakiyar fari, ga ramuka nan birjik, kowane da tulin rairayi a bakinsa. Mutane sun taru a inuwar wata bishiya. Da suka ga motar furoje da mace a ciki, sai suka miƙe. Wani dattijo ya zo wajen taga ya tambaye ni a hankali ko iyalin tela ce. Na ce ita ce.

Tun jiya da la'asar ramin ya rufta da Filibus a ciki. Sun tono shi da hannu da ƙwarya, amma kafin su kai gare shi rai ya yi halinsa. Sun wanke masa fuska, sun lulluɓe shi da zane da tabarma, suna ta yayyafa ruwa a ƙasa don zafi. Dattijon ya ce, "Ba mu san yadda kuke yi wa naku ba, shi ya sa muka jira. Mun aika yaro gari da asuba, ashe kun saɓa."

Ta durƙusa ta buɗe fuskar, ta duba, ta cire wani ɗan rairayi a kunnensa da bakin mayafinta, ta mayar ta rufe. Ta yi wa dattijon godiya. Ta ce wa Bukar a gida za a kai shi, fasto ya sani. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Na nemi abin da zan ji a raina na rasa, sai nauyin takardun nan a hannuna, na kasa samun inda zan ajiye su.

Muna jiran a gyara bayan mota, sai muka ji ƙarar haƙa. Filin da ke maƙwabtaka da na Filibus ne. Wani Nomau, makiyayi da ba shi da ko akuya yanzu, yana cikin nasa ramin, matarsa na jan guga tana zubar da rairayi. Jiya da shi aka tono maƙwabcinsa, yau ya koma, don dashensa ya fara kwanciya.

Madam ta tashi ta nufi wurin, na bi ta. Ta tsaya nesa kaɗan da bakin ramin, ta kwance ɗaurin zanenta, ta ciro shafin ta warware. Ta ce, "Sannu da aiki, malam. Ka iya karatu?"

Daga ƙasa ya ce, "A'a, baiwar Allah."

"To tsaya ka ji."

Ta karanta masa tun daga sama, a hankali, ba ta tsallake komai ba. Kada mai haƙa ya kasance shi kaɗai. Kada a tara ƙasar da aka fitar a bakin rami. In ƙasar rairayi ce, kada a wuce ƙugu sai an sa zoben siminti, ko tano da aka cire wa gindi, a riƙa saukar da shi ana haƙa daga ciki. Matar Nomau ta riƙe igiya tana kallonta.

Da ta gama, Nomau ya ɗaga kai, rairayi duk a gemunsa. Ya ce, "Na ji, na gode. To ina ake samun zoben?"

Ta dubi shafin har ƙasa. Ta juya bayansa, shukar gyaɗa ce. Ta sake juyowa.

Ta ce, "Ba a rubuta ba."

Ya ɗan jira ko akwai saura. Da ya ga babu, ya ce wa matarsa ta sauko da guga.