Faifan Sede da Ruwan Kawu

Ni malamin fizik ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a Arlit, kuma labo ɗinmu, ɗakin gwaje-gwaje, ba komai a ciki sai kabad biyu da saƙar gizo-gizo. Shi ya sa na koma tsince-tsince. Nakan bi masu lambu in roƙi tsofaffin faifan sede da suke ratayewa don korar tsuntsaye. A bayan kowane faifai akwai wata fatar ƙarfe siririya mai layuka ƙanana waɗanda ido ba ya gani, su ne ke fasa haske ya fito launi-launi. Sai in ɗaye fatar da skoci, wato salatif, in manna a kan gilashi, in haska tocila. In ka ɗiga ruwa a kai, launin yakan gusa gwargwadon abin da ya narke a ciki: ruwan famfo kore, mai gishiri ko sukari ya karkata zuwa ja. Iyakar aikinsa ke nan. Wata uku ina ɓata faifai kafin ɗaya ya yi, kuma wallahi na ji kaina ya yi girma.

Ina da kawu a garin, ƙanen mahaifiyata, mai sayar da ruwa a bido, wato jarka, bisa amalanken jaki. Shi ya sauke ni lokacin da na zo daga Maradi. A wani sati da famfon unguwa ya ƙafe, sai ga shi.

"Ɗana, ara mini madubin nan naka kwana biyu."

"Kawu, ba ya ganin gubar uraniyom ɗin da ake haƙa a garin nan fa. Gishiri kawai yake gani."

"Na ji. Nunawa kawai zan yi."

Ba a hana kawu abu. Na ba shi.

Ranar Juma'a, an sauko daga masallaci, na tarar an yi masa zobe. Yana ɗiga ruwa a gilashina yana cewa, "Kun gani? Kore shar. Na'urar malamin lise ce, shi ya haɗa da hannunsa." Mutane sai miƙa bido suke. Na ja shi gefe.

"Kawu, a ina kake ɗiba?"

"Tsohuwar rijiyar can, wajen tulin sharar ma'adinai."

"Wadda aka rufe da siminti, aka hana sha?"

"To, ai ga shi abinka ya ce kore."

Tir da wannan sana'a. Amma abin da ya fi ba ni ƙyama har yau shi ne ni kaina: ban juya na faɗa wa mutanen komai ba. Kunyar kawu ta ɗaure mini baki. Na karɓi gilashin a hankali, na sa a aljihu, na wuce sumui-sumui, sai da na sha kwana na taka shi da takalmi.

Na shiga gida na tarar da matata a tsakar gida, cikinta wata bakwai, moɗa a bakinta. Randa cike taf, ga bido biyu a gefe.

"Ruwan ina ne wannan?"

"Kawu ya kawo mana kyauta tun Talata. Ya ce kai ka gwada da kanka, Malam."

Na fizge moɗar, na tuntsurar da randar. Ta tsaya tana kallon ruwan yana bin ƙasa, ta dafe cikinta.

"Me ke cikinsa?" ta ce.

Ban sani ba. Abin da na haɗa bai taɓa sani ba.