Jinin Taubashina da Sunana

Na shekara talatin ina fawa a Agege, na ga abubuwa kala-kala, amma lokacin da na ari jinin wani aka gwada da sunana, wannan ko tsufa ba zai mantar da ni shi ba.

A shekarar ne aka ce duk mai taɓa nama a kwatarmu sai ya kawo takardar gwajin jini, in babu ya ajiye wuƙa. Ni kuwa na yi sati biyu ina fama da zazzaɓi, abinci ya fita raina, matata kuma ta dube ni da safe ta ce idona ya yi ɗorawa. Nan take na yanke wa kaina hukunci cewa ciwon hanta ne. Ban je asibiti ba, don a ganina likita ba zai gaya mini abin da ban sani ba, teburina kawai zai raba ni da shi. Ka ji masu wayo.

Sai na tuna da taubashina, ɗan goggona. Fata yake saye, don haka dokar ba ta hau kansa ba. Ƙato ne na gaske, mutumin da ke tashi da malmala huɗu ya ce ɗanɗanawa ya yi, kuma tunda muka taso ban taɓa ganin ya kwanta ciwo ba. Tsakanina da shi kuwa babu maganar arziki, sai tsiya da zolaya, yadda ɗan mace da ɗan namiji suka gada. Da na gaya masa buƙatata, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wato yau bawa ne ya zo roƙon jinin ubangijinsa?" in ji shi. "Mu je, in sam maka na kirki. Naka ai ruwan kwata ne."

Muka hau keke-napep zuwa wani ƙaramin ɗakin gwaji. Ya faɗi sunana, ya miƙa damtse, aka ɗiba. Na dawo gida ina jin duk Legas babu mai dabarata.

Bayan kwana uku na je karɓar takarda, sai aka ce likita na son ganina. Wata Bayarabiya ce mai gilashi. Ta ce, "Oga, siddon," wato in zauna. Ta juyo da takardar, ta sa biro a layin farko, ta ce an ga alamar ƙwayar cutar hanta, irin wadda ake kira hepatitis B. Ta sauko ƙasa ta nuna mini wasu lambobi biyu, ta ce sinadarai ne da hanta ke zubarwa cikin jini in tana shan wuya, kuma nawa sun haura ƙwarai. Ta ce cutar takan yi shekaru tana cin mutum yana yawonsa garau. Ta ce in kawo matata da yara a duba su, kuma kada in bari wata ya wuce ban dawo ba.

Na zauna ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Takardar da na yi wa wayo don ta wanke ni, ita ce ta kama ni da ciwon da ba nawa ba. Mai ciwon kuma yana can yana loda fata a mota.

A nan ne halina ya fito, kuma har yau ina jin kunyarsa. Na yi shiru kwana tara. Ina tsoron in na faɗa, maganar ta kai ga shugabannin kwata, a ce na yi algus. Kullum sai ya biyo ta teburina ya ce, "Yaya jinina, ya ci jarrabawa?" Ni kuma in ce, "Ya ci." Ya sayi hanta a wurina ma har sau biyu, na yanka masa da hannuna.

Matata ce ta tsinci takardar a aljihun rigata, ta kai wa maƙwabciya ta karanta mata. Na tarar tana kuka, ta tara yara ta rungume. Dole na fasa ƙwai. Ta share hawaye ta dube ni, ta ce, "Malam, ashe ka san mai shi, kuma kake iya cin tuwo?"

Washegari na same shi a rumfar fata, na ce, "Taubashi, jinin nan akwai ciwon hanta a ciki." Ya ƙyalƙyale da dariya, ya kira abokan aikinsa su zo su ji sabuwar tsiyar da na ƙago. Na rantse, ya ce ai na saba. Shekara arba'in ina yi masa ƙarya don wasa, yau na zo da gaskiya babu mai saye. Sai da ya ga hawaye na zuba a fuskata, ni da ko a jana'izar babana bai ga na yi kuka ba, sannan ya daina dariya.

Tare muka koma wurin likitar, na faɗi abin da na aikata. Ta wanke ni tas da Yarbanci, sannan ta sa aka ɗibi jinina. Zazzaɓin sauro ne kawai ke damuna. Shi kuwa aka ƙirga yawan ƙwayar cutar a jininsa, aka ɗora shi a kan magani, matarsa da 'ya'yansa aka yi musu gwaji da rigakafi. Yana nan da ransa, yana gaya wa mutane wai rashin gaskiyata ce ta cece shi.

Ni dai ba na dariya in ya faɗi haka. Na koyi cewa jini ba ya duba girman damtse, kuma ba a yi masa wakili. Abin da ya fi tsaya mini kuwa shi ne, mutum ya ba ni jininsa ba tare da ya yi tunani sau biyu ba, ni kuma sai da na yi kwana tara ina auna ransa da teburin nama.