Jan Tsumman Kawu

Jiya na leƙa gonar marigayi kawuna a Kurawa, karon farko tun da 'yan bindiga sunka kore mu. Babu gero ko kara ɗaya. Wiwi ne ya kai kafaɗa, warinsa har maƙoshi.

Kawu yakan ɗaura jan tsumma a zangarniyar da ta fi cika. Wata kaka na kai hannu za ni karya ɗaya, ya buge min yatsu. Ya ce, "Wannan ba ta tuwo ba ce, iri ne na baɗi."

Jiya na ga jan tsumma a jikin wiwin da ya fi danƙo. Ƙullin Kawu ne sak, kuma ɗansa kaɗai ya koya wa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya shiryi wanda ya gaji hannunsa.