Jar Motar da Na Kawo wa Inna daga Jidda

Makka zuwa Jidda

Ana idar da sallar asuba na bar masaukinmu, saƙon Inna yana ta yi min yawo a rai. Bara ne ta makance. Da zan taho umara ta ce, "Ki nemo min Sani. Kada ki kawo hoto, me zan yi da shi?" Sani yayana ne. Tun da ya zo Hajji ya maƙale, ba takardar iƙama, in ya fita ba dawowa, ga mata da 'ya'ya.

Direban tasin ɗan Nijar ne, mai surutun tsiya. A shingen bincike aka duba fasfona, aka ce "Yalla," muka wuce.

Balad

Nan, a tsohon garin Jidda, na karya da wake da burodi mai zafi, na sake tasi zuwa Waziriyya, unguwar su Yaya.

Waziriyya

Warin roba ne ya fara tarbata, sannan Yaya, furfura har gemu. Mun sha kuka. Ɗakin cike yake da jajayen motoci, kowace ba ta wuce tafin hannu ba. Da ruwan roba yake zuba su, ya daskare kamar gilashi. Irin motar tseren Italiya ce, wadda samarin Jidda ke mutuwa a kanta. Wanda bai isa saye ba, sai ya rataya ta Yaya a makulli.

Na ce, "Yaya, wato duk shekarun nan wasan yara kake?"

Ya yi dariya. "Wallah ke dai kar ki taɓa waɗancan, ba su bushe ba. Yatsa ɗaya, halas, shi ke nan ta lalace."

Sai na faɗa masa gaskiyar idon Inna, wadda muke ɓoye masa a waya. Ya ɗauki ɗaya cikin ɗanyun, ya juya ta, ya danna mata babban yatsansa a ƙasa, wanda wuƙar Inna ta tsaga yana yaro.

"Yaya, ka ɓata ta!"

"Wannan ba ta kasuwa ba ce."

A wurinsu na kwana. Washegari matarsa ta raka ni titi.

Kano

Mun sauka lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Na sa wa Inna motar a hannu. Ta shafa ta, ta ce, "Wannan kuma wane shirme ne?" Sai ta juya ta. Yatsanta ya faɗa cikin gurbin yatsan Yaya, ya tsaya.

Ta ce, "Ashe tabon yana nan. Na hana shi wasa da wuƙar nan, bai ji ba."