Kaluluwar da Ta Kai Mu Zariya

Mun tashi daga Pambeguwa ana idar da sallar asuba, ni da yayata tela, za mu Zariya karɓo sakamakon gwaji. Watan jiya likita ya yanki ɗan nama daga kumburin da ya fito mata a wuya, abin da suke kira bayofsi. Mu dai a gida kaluluwa muka ɗauke shi, tunda ba ya mata ciwo.

Kuɗin mota ya ƙaru, amma cunkoson yana nan yadda muka san shi. Bayan Soba direba ya yi ta kauce wa ramuka har wani dattijo ya tambaye shi ko rawa yake koya. Yaya ta sayi gasasshiyar masara, ta gutsura kaɗan ta miƙo min.

A Tudun Wada muka sauka gidan gwaggonmu. Ta kawo koko da ƙosai masu zafi, sai dai idonta na kan Yaya, tana mamakin ramar da ta yi. Daga nan muka hau Keke zuwa Kwangila, muka shiga motar da ke zuwa asibiti.

Likitar da muka tarar a ranar ta fara tambayar zazzaɓi da yawan gumi cikin barci. Yaya ta ce duk tana yi. Sai ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, wannan limfoma ce, wato ciwon daji na kaluluwa."

Ji na yi kamar an toshe min kunne. Ina ganin bakinta na motsi, da ƙyar na tsinci sauran: za a ɗauki hoton jiki a gane matakin da ciwon ya kai, sannan a fara kimo, maganin da ake sa wa ta jijiya zagaye-zagaye. Gashi zai iya zubewa. Ta ce da yawa suna warkewa. Yaya kuwa abin da ta tambaya shi ne ko za ta iya ƙarasa ɗinkin mutane da ke hannunta.

Da muka koma Tudun Wada muka faɗa wa Gwaggo, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ɗaki ta buɗe ta share, ta ce na Yaya ne duk ranar kimo.

A hanyar dawowa ban ga rami ko ɗaya ba. Mun iso da la'asar, Inna na zaune a kan sallaya tana jiranmu. Na raɓe a bakin ƙofa. Yaya ce ta durƙusa ta ce, "Inna, sun gano ciwon, kuma yana da magani."

Na koyi cewa kumburin da ba ya ciwo ma a kai shi asibiti da wuri. Na kuma gane cewa ni da na tafi rakiya, ni aka riƙo muka dawo.