Ja da Tsanwa a Idon Barthélemy

Duk wanda ya sha ruwan famfo a ƙauyukan Dogon Kiriya ya san Barthélemy mai gyara. Ɗan katashis ne, mai koyar da addini a coci, daga Dogon Dutsi, gajere, ga baki kamar rediyo. Tun yana yaro hannunsa ke da albarka a kan ƙarfe, amma idonsa, kai, abin haushi! Uwarsa ta aike shi tsinko tumatir nunannu, ya cika kwando da ɗanyu. Aka ce sakarci ne. A lekol ma ya sha bulalar malamai a kan zanen tuta. Shi kansa ya yarda sakaran ne, ya koyi yin shiru a kan zancen launi, matarsa Delphine ke zaɓa masa riga ranar Lahadi.

Ya girma yana gyaran famfuna masu aiki da hasken rana, a ƙarƙashin wata ƙungiyar ruwan sha. Da ƙungiyar ta sa na'urori masu aiko da labarin kowane famfo, sai ɗiyarsa Thérèse, wadda ta karanto ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, ta rubuta musu ɗan shiri. Allo baƙi ne, ka buga umarni, sunayen ƙauyuka su jero. Mai lafiya ya fito tsanwa, wanda ya lalace ya fito ja. Kowa ya yaba. Barthélemy ya fi kowa yabo, alhali shi duk layukan kala ɗaya yake gani.

To, sai ya shiga canka. Ya hau moto, ya keta rairayi har wani ƙauye, ya tarar da famfo yana zuba lafiya lau, can kuwa wajen Sukukutane mata na jan guga a tsohuwar rijiya. Da abin ya maimaitu, shef ɗinsu Malam Musbahu ya ce masa kai tsaye, "Tsufa ya zo, Barthélemy. In an sake, sai mu nemi wani."

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai. Aikin nan shi ne mutuncinsa.

Thérèse ta same shi da hantsi ya tsura wa allon ido, zufa na keto masa. Ta ce, "Baba, nuna mini jan layi." Ya ɗora yatsa a kan tsanwa. Ta ce ya sake, ya kuma kuskure.

"Ɗiyata, mi kike so in ce? Haka nike tun haihuwa, ban da wayo."

"Wane irin wayo kuma, Baba? Idonka ne bai raba ja da tsanwa. Mutane da yawa haka suke, har suna gare shi a likita. Ni ce na yi abin don idona kaɗai."

Nan ta jawo kujera ta gyara shirin. Ta ƙara kalma guda da za a buga bayan umarnin, launi ya ɗauke, kowane ƙauye a rubuta gabansa LAFIYA ko YA LALACE. Ta ƙara wata mai ɓoye masu lafiyar gaba ɗaya. Masu son launinsu kuma ta bar musu abinsu.

Barthélemy ya buga da yatsa ɗaya. Suna biyu suka fito, ya karanta su da ƙarfi har Malam Musbahu ya leƙo daga ofis. Ya ɗauki jakar kayan aiki, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya bai juyo ba.

"Thérèse, kin ce mutane da yawa?"

"Da yawa, Baba."

Ya goge ido da hannun riga. "Ashe da uwata na da rai, yau sai in tai in gaya mata."