Kaurar da Ta Ƙi Fid da Kai

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin malamin gona a gida kafin in zo Amurka, kuma waɗannan shekarun ne suka cuce ni. Da ban san komai ba, da na saurara. A nan aikina shi ne ɗaukar tsofaffi a mota daga gidajensu a garin Laurel zuwa asibitin wankin ƙoda, in jira, in mai da su. Amma ko ina tuƙi ban daina kallon gonakin bakin hanya ina yi wa masu su gyara a zuci ba.

Yayana ne ya aiko min da irin. Ƙauyenmu ya riga ya watse, 'yan bindiga sun ƙone rumbuna, kowa ya kwashi 'ya'yansa ya koma gari. A gidanmu akwai wata dawa, kaura ce, amma ba irin ta kasuwa ba. Ƙwayarta manya ce, rawaya sosai, tuwonta yakan kwana biyu bai saki ba. Babanmu a hannun ubansa ya same ta, kuma ban taɓa ganin irinta a wani gari ba duk yawon da na yi a kan babur ɗin gwamnati. Yaya ya ce da ni a waya, "Abin da ya rage ke nan, cikin gwangwanin madara ɗaya. Kai ne mai boko, kai ne kuma kake inda ba a ƙona rumbu. Ka raya mana ita." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan ai aikina ne.

Wadda ta yi ɗawainiyar takardu da gwaji har irin ya shigo ƙasar nan bisa ƙa'ida wata mata ce da muke kira Malama. Baƙar Ba'amurkiya ce, ta haura hamsin, tana aiki da ɗaya daga cikin jami'o'in nan da aka kafa wa baƙaƙen fata tun zamanin da ƙofar sauran take rufe gare su. Gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da jami'ar, malamanta su riƙa fita daga aji suna koya wa ƙananan manoma, har da baƙi irinmu masu marmarin taɓa ƙasa. Ta haka aka ba mu fili a bayan garin Upper Marlboro, kowa da ɗan yankinsa, ga famfo, ga rumfar kayan aiki, ga wani ɗakin gilashi da ake ɗumama shi don rainon shuka lokacin sanyi. Mu Hausawa shida ne a wurin. Aikin Malama, in an taƙaita, shi ne aikina na da, sai dai ita a akori-kura take zuwa. Kakanta ma manomi ne a kudu, gonarsa ta suɓuce wa iyalin, kuma in hira ta zo nan sai ta sunkuya ta kama cire ciyawa.

Ranar da ta miƙo min gwangwanin ta ba ni shawara. Ta ce a raba irin uku, a ajiye kashi biyu a firij ɗin jami'a, kashi ɗaya a shuka shi ƙwaya ɗaiɗai a cikin 'yan kofuna, a ga halinsa tukuna. "Ba mu san dawar nan ba," in ji ta, "ita ma ba ta san nan ba." Na yi mata godiya irin ta wanda ba zai yi ba. A raina cewa nake, mutanen da dawa a wurinsu abincin shanu ce su ne za su koya min shukarta? Kuma wai a sa iri a firij kamar ragowar miya. Girman kai ne, ba wani suna da zan ba shi, kuma a lokacin daɗinsa nake ji.

Sannan ga al'adarmu. A wurinmu ba a hana iri. Ana iya hana mutum hatsin ci a ce babu, amma wanda ya zo neman na shuka ba a mai da shi hannu biyu. Akwai wani mutumin Maraɗi a cikinmu, direban tasi, bakinsa ba ya hutawa. Ya tare ni a bakin famfo ya ce, "Malamin gona, an ce an kawo maka baƙuwa daga gida ka kulle ta a ɗaka. Ko kai ma ka zama Nasara ne?" Aka yi dariya, ni ma na yi, na buɗe gwangwanin na zuba wa kowannensu a tafin hannu. Ban yi nadamar wannan ba ko yanzu. Abin da na yi da ragowar ne yake damuna.

A ƙarshen watan Mayu, bayan wani ruwa mai kyau, na fito da sungumin da na haɗa da kaina daga tsohuwar fartanya da sandar tsintsiya. Na shuka yadda aka koya min tun ina ƙarami: a sara, a tsunkuli iri biyar ko shida a jefa, a rufe da diddige, a yi gaba. A gida haka ake yi saboda tsuntsu da tsutsa da ruwan da ba shi da alkawari, in sun tsiro a rage a bar biyu. Hannuna ne ya yi aikin, kaina bai sa baki ba. Kafin hantsi gwangwanin ya ƙare. Sauran biyar ɗin ma haka suka yi da nasu, a mako guda.

Malama ta zo da rana, ta ɗauki gwangwanin ta leƙa, ta kifa shi a tafinta.

"Duka?" ta tambaye ni.

"Duka," na ce.

Ta ajiye shi a kan shinge, ta tafi duba tumatir ɗin wata 'yar Ghana. Da ta yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

Ƙasar nan ba ta ɓata ƙwaya ko ɗaya ba. Duk suka tsiro, kowane rami cunkus. Da lokacin ragi ya yi na bi layi-layi ina tumɓuke 'yan tsiro ina watsarwa a kan kunya, ɗaruruwa, rana ta busar da su. Ko a jikina. Dawar kuwa ta yi wani irin tashi da ban taɓa gani ba. A watan Yuli ta wuce kaina, a Agusta sai na ɗaga hula kafin in ga ƙarshenta. Masu wucewa a mota suna tsayawa su ɗauki hoto. Ni ma na ɗauka na aika wa Yaya, ya maido min da saƙon murya yana ta sa albarka, ina jin matarsa a bayansa tana cewa a nuna mata. Mutumin Maraɗi ya ce in dai tsawo ne arziki to mun gama da talauci.

Agusta ya ƙare ba ta yi ciki ba. Masarar maƙwabtanmu ta nuna aka karye, dawarmu sai ganye take ƙarawa. Kullum in na sauke tsoho na ƙarshe sai in biya, in lanƙwaso kara in matsa samansa ko zan ji alamar zangarniya. Babu. A tsakiyar Satumba Malama ta same ni a haka. Ta ce dawar ƙasarmu ba da ruwa kaɗai take lissafi ba, da tsawon rana take yi. Ba za ta fid da kai ba sai yini ya gajarta, kuma a nan kafin yini ya gajarta yadda take so, sanyin da ke kashe shuka ya kusa. Abin da ya fi ci min rai shi ne na san wannan. Na karanta shi a kwalejin noma, na rubuta shi a jarrabawa, na ci. Amma a gida dare da yini kusan kai ɗaya suke duk shekara, ban taɓa buƙatar tuna shi ba.

Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta kawo shebur biyu da manyan bokitai. Muka zaɓi gindi goma sha biyu mafi ƙarfi, muka sare karan daidai gwiwa, muka haƙo su da ƙasarsu muka kai ɗakin gilashi. Ta ce in sun sake toho a cikin ɗumi, ga gajeren yinin hunturu, za su yi kai, ko zangarniya uku aka samu an tsira. Ta gona kuwa ta yi ciki a Oktoba, har wasu suka fara leƙowa da bununi. Wata safiya na zo na tarar raɓa ta daskare a kan ganye, fari fat. Kafin azahar gonakinmu shida sun yi baƙi, ganyen ya saki kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Na murza zangarniya ɗaya a hannu, ba komai a ciki sai ƙaiƙayi da ɗan ruwa.

Na bokitai suka yi toho. Tara daga cikinsu suka fito da ganye kore shar, na fara samun barci. Sai a farkon Disamba Malama ta kira ni ina bakin asibiti. Ta ce wa'adin yarjejeniyar ya cika, ba a sabunta ba, an ce ana sake nazari, ba wanda ya san ranar gamawa. Aikinta a jikin yarjejeniyar yake rataye, ɗumama ɗakin gilashi ma haka. Ta roƙa a bar wutar ko zuwa Fabrairu, ba a samu wanda zai sa hannu ba. "Zo ka kwashi abin da motarka za ta ɗauka," ta ce. Da na je na tarar tana tattara takardunta a kwali. Ta taya ni ɗora bokiti huɗu, ta ba ni haƙuri har sau biyu, ita da ba ta yi min laifin komai ba. Na so in ce mata ni ne ya kamata in ba ta haƙuri, Turancin ya ƙi zuwa, sai na ce ta gaida gida.

Gidanmu a Laurel hawa na uku ne, taga ɗaya ce take ganin rana, ita ma na awa biyu. Matata ta janye kujera ta ba bokitan wuri, alhali a nan take sallah. Na sayo fitila na rataya musu. Ganyen ya yi ta tsawo yana sirancewa, ya koma rawaya, wasu ƙananan ƙwari suka kama bayansa. Uku suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na huɗun ya yi ƙoƙari, ya fid da wani ɗan kai da bai kai yatsana ba. Na jira shi mako shida. Da ya bushe na murza shi a kan farar takarda, na hura a hankali, takardar ta tashi fes.

Ban gaya wa Yaya ba. In ya tambaya sai in ce ana nan ana fama, in juya maganar zuwa ciwon ƙafarsa. Har watan Afrilu, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya kira ni ina cikin mota. Muryarsa da ƙarfi, rabon da in ji ta haka an daɗe. Ya ce an ɗan samu lafawa, gida bakwai za su koma ƙauye kafin ruwa ya sauka, har an fara sharar gona. Ya gaya musu kaurarmu tana Amurka wurin ƙanensa, kowa ya sa rai. Ko mudu ɗaya ne in ba wani mai zuwa, shi zai san yadda zai raba.

Na kashe motar na gaya masa duka, tun daga firij ɗin da na ƙi har zuwa farar takarda. Ban rage komai ba.

"Ko ƙwaya ɗaya?" ya ce.

"Ko ɗaya, Yaya."

Ya yi salati a hankali. Sannan ya ce lokacin da suka gudo da rabin buhu suka fito, shi ne suka yi ta ci a makarantar da aka sauke su, yana kallo ana daka irin ubansa ana dama wa yara kunu, da ƙyar ya ɓoye gwangwani ɗaya a cikin rigarsa. Ba da faɗa yake magana ba, tambaya yake yi tsakani da Allah, irin ta mai son ya samu abin da zai faɗa wa gida bakwai.

"Mu dai yunwa ce ta cinye namu," ya ce. "Kai fa, me zan ce musu ya cinye naka?"